Yadda ake lulluɓe ƙarfen dashen jiki da kitosan ba tare da ya saɓule ba

Saƙonnin da ke zuwa mini daga masu aikin ɗakin gwaje-gwaje, musamman ɗaliban da ke bincike kan ƙarafan da likitocin ƙashi da na haƙori ke sakawa a jiki, kusan duk kukansu ɗaya ne. An shafa kitosan, sinadarin da ake samu daga ɓawon jatan lande, a kan ƙarfen titaniyam, ya bushe yana ɗaukar ido, an jefa shi cikin ruwan gishiri, kafin gari ya waye ya kwaye ya taso sama kamar saɓar maciji. Sai a ɗora wa garin kitosan laifi, a sayo wani. Sau da yawa ba laifinsa ba ne. Shafin yana tsayawa ko ya faɗi ne gwargwadon abin da aka yi wa fuskar ƙarfen tun kafin ɗigon farko ya taɓa ta, don haka a nan zan fi daɗewa.

Na ɗauki kitosan a kan titaniyam ne saboda shi aka fi farawa da shi, kuma wanda ya iya wannan ba zai sha wuya da kolajin, jelatin, aljinet ko furotin ɗin siliki ba. Abin da ke ƙasa na samfurin gwaji ne kaɗai. Ƙarfen da za a saka wa mutum a masana'antar da ke bin ƙa'idar ISO 13485 ake yinsa, da amincewar hukumar kula da kayan asibiti.

1. Zaɓen ƙarfe da garin kitosan

Samo ƙananan faifai ko murabba'ai na titaniyam, faɗin milimita 10 zuwa 15, ko dai tsantsa mai bin ma'aunin inganci na ASTM F67, ko gamin Ti-6Al-4V mai bin ASTM F136. Bakin ƙarfe mara tsatsa na 316L shi ma yana karɓar wannan hanya. Yanko da yawa. Kowane gwaji yana cin aƙalla uku, wasu kuma za su lalace a hannunka.

Gargaɗi: kada ka bi wannan hanya da magniziyam. Ruwan kitosan mai asid ne, zai ci ƙarfen nan take yana fitar da kumfar haidurojin a ƙarƙashin shafin. Magniziyam sai an fara yi masa wani rufin kariya na daban.

Kitosan daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake samo shi, wani kuma daga naman gwari. Lambobi biyu za ka nema a takardar da ta zo da robar: yawan asetil da aka cire, da nauyin sarƙar. Wanda aka cire wa kashi 80 zuwa 90 cikin 100, mai matsakaicin nauyi, ya fi sauƙin sarrafawa. Mai nauyi sosai yana yin kauri da yauƙi har ya ƙi tacewa, mai sauƙi sosai kuma shafinsa gautsi ne da shi. Robar da ta zo ba takarda, mayar da ita. Ka kuma sayi wanda zai ishe ka dukan aikin daga rukuni guda, domin abu ne da aka samo daga halitta, na bana ba ya zama daidai da na bara ko da suna ɗaya ne a jikin robar.

Wajen kuɗi, kitosan na gwaji ba shi ne mai cinye kasafi ba. Mai tsadar shi ne wanda aka tace don aikin asibiti, sannan lokacin da za ka biya a kan manyan na'urorin dubawa da gwajin ƙwayoyin halitta. Saboda haka yi kurakuranka da mai araha.

2. Goge fuska

Goge kowane faifai da sanfefar silikon kabaid ƙarƙashin ruwa, daga lamba 400 zuwa 800 zuwa 1200. Duk lokacin da ka sauya lamba, juya faifan kwata guda, ka ci gaba har layukan baya su ɓace. Kada ka kai shi ga sheƙin madubi sai in gwajinka ya buƙaci haka, domin ɗan kaushi yana ba shafin wurin kamawa. Abin da ya fi lambar sanfefa muhimmanci shi ne duk faifan su fito iri ɗaya. Ka dakushe kaifin gefe kaɗan, daga nan kwayewa ke somawa.

3. Wanki

Minti 10 zuwa 15 a asiton, haka a itanol, haka a tataccen ruwa, duka cikin na'urar wanki mai girgiza ruwa da sauti. Busar da iskar naitirojin. Daga nan hannu ya daina taɓa fuskar, ko da safar hannu ne. Hantsaki kaɗai, kuma a gefe.

Gwada ɗaya: ɗiga masa ruwa. In ɗigon ya baje, fuska ta fita. In ya dunƙule ya tsaya kamar a kan leda, akwai sauran maiƙo, koma baya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wannan ɗigon shi ne Larabarka.

4. Tayar da fuskar ƙarfen

Titaniyam kullum yana sanye da siririn rufin oksaid da iska ke yi masa. Abin da ake so shi ne rufin nan ya cika da rukunan haidiroksil, domin su ne hannayen da gam ɗin mataki na gaba zai riƙe. Hanyoyi uku aka fi bi.

Ta farko, jiƙawa cikin asid ɗin naitirik mai ƙarfin kashi 30 cikin 100 na minti 30, irin wadda ASTM F86 ta bayyana. Tana tsaftacewa, tana daidaita rufin oksaid, kuma ita ce ta fi dacewa da 316L.

Ta biyu, sodiyam haidiroksaid, wato soda, mai ƙarfin mola 5, a zafin digiri 60 na Celsius, na sa'a 24. Tana barin fuska mai ƙananan ramuka kamar soso. Ni ita nake ba sabon hannu shawara, in titaniyam ne. Yi ta a roba mai jure sinadari, ba a gilashi ba, domin soda mai zafi tana cin gilashi ta zuba maka silika a kan ƙarfe.

Ta uku, haɗin da ake kira firana: kashi uku na asid ɗin salfiyurik, kashi ɗaya na haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 30. Aikinta yana kyau, amma ba ta yafe kuskure.

Gargaɗi kan firana: feroksaid ake zubawa cikin asid, sannu-sannu, ba akasin haka ba. Tana ɗaukar zafi da kanta. In ta haɗu da asiton ko itanol tana iya fashewa, don haka ka tabbata faifan sun bushe ƙarau daga wankin baya. Ba a toshe kwalbarta, ba a ajiye ta don gobe. Cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake yi, da garkuwar fuska, kuma ba kai kaɗai a ɗaki ba.

Kowace ka bi, ɗauraye da tataccen ruwa har pH ya koma 7, busar, ka wuce mataki na gaba a ranar. Fuskar da aka tayar tana janyo dattin iska. Wanda ya bar ta kwana biyu a kan tebur ya yi aikin banza.

5. Gam na farko: silen

Kitosan da titaniyam ba su da wata shaƙuwa ta kirki. Sai an sa musu ɗan tsakani, wato sinadarin silen, wanda aka fi sani a cikin ire-irensa shi ne APTES. Ƙarshensa ɗaya yana kama oksaid ɗin ƙarfe, ɗayan yana miƙo rukunin amin sama.

Haɗa itanol kashi 95 da ruwa kashi 5, daidaita pH tsakanin 4.5 da 5.5 da asid ɗin asetik, zuba APTES kashi 2 cikin 100, ka bar shi minti 5 zuwa 10 ya farfashe. Tsoma faifan minti 10 kana ɗan kaɗawa, ɗauraye da itanol, sa su a tandar gwaji a digiri 110 na minti 10. Gashin nan kada ka tsallake shi, shi ke ɗaure silen da ƙarfe.

Akwai masu yi cikin busasshen toluwin maimakon itanol, su bar shi sa'a 24. Kamun da ake samu ya fi ƙarfi, amma toluwin guba ne ga mai shaƙa, sai da akwatin zuƙe hayaƙi, kuma sai an wanke shi tas daga fuskar. In abin da kake aunawa ƙarfin kamu ne, wahalar ta cancanta. In sakin magani kake dubawa, itanol ya wadatar.

Kuskuren da na fi gani a nan guda biyu ne. Na farko tsohuwar kwalba: APTES yana shan danshin iska ya daskare da kansa, in ka ga ya yi gurɓi ko fari-fari, ya mutu. Na biyu tunanin cewa yawa ya fi. Silen mai kauri hawa-hawa ne marasa ƙarfi, shafin zai ɓalle daga tsakiyarsu. In faifai ya fito da farin hazo a fuska, ya sha da yawa, mayar da shi cikin itanol a na'urar girgiza.

6. Gam na biyu: gulutaraldihaid

Yanzu amin na kan ƙarfe, amin kuma na jikin kitosan, sai a nemo mai hannu biyu ya haɗa su. Jiƙa faifan cikin gulutaraldihaid kashi 2 cikin 100 na sa'a guda a zafin ɗaki, sannan ka ɗauraye sau uku zuwa biyar, kowane karo da sabon ruwa.

Gargaɗi: gulutaraldihaid yana ƙona ido da hanci, yana jawo asma ga masu yawan shaƙarsa, kuma ragowarsa tana kashe ƙwayoyin halitta. Da yawa daga waɗanda ke cewa kitosan ya kashe musu ƙwayoyin gwaji, wannan ɗaurayar suka yi wa riƙon sakainar kashi.

7. Dama kitosan

Yi wannan tun daren jiya, don ya kasance a shirye lokacin da faifan suka fito daga mataki na 6. Giram 1 na gari cikin mililita 100 na asid ɗin asetik mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Dabarar da ke hana gudaji: fara watsa garin cikin ruwa zalla ya jiƙa, sannan ka zuba asid. In ka juye gari kai tsaye cikin ruwan asid, wajensa zai kumbura ya kulle busasshen gari a ciki. Bar shi kan na'urar motsawa ya kwana, a rufe. Da safe tace shi, kullum akwai ɓurɓushin da bai narke ba, sannan ka bar shi ya huta kumfa ta fita.

Kada ka dama na wata guda. Asid yana ci gaba da gutsure sarƙar, kauri na raguwa, shafin ranar farko ya bambanta da na mako na uku. Sa a firji, ka yi amfani da shi cikin 'yan kwanaki.

8. Shafawa

Ga faifai mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, zubawa ta fi sauƙi. Jera su a kan abin da ka tabbatar ba ya karkata, auna adadi ɗaya ka ɗiga wa kowanne, rufe da murfin da iska ke ɗan shiga, ka bar su su bushe a zafin ɗaki. Yana iya ɗaukar kwanaki. Kada ka kai su tanda mai zafi don sauri: sama zai bushe ya takure, ƙasa na jiƙe, gefe ya naɗe. Siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya, domin mai kauri in ya sha ruwa ya kumbura, shi da kansa yake finciko kansa daga ƙarfe.

Tsomawa ma tana yi, muddin na'ura ce ke zaro faifan da gudu ɗaya. Hannu ba ya iyawa. Abin lura, zarowa da sauri ita ke ba da shafi mai kauri, ba a hankali ba, yawancin mutane akasin haka suke zato.

In kuwa sukuru ne ko wani abu mai lunguna, zubawa za ta cike ramukan zaren ta bar tsininsa tsirara. A nan lantarki ake amfani da shi. Ruwan ya zama tsararo, giram 0.5 zuwa 1 a lita. Ƙarfenka a wayar nagatif, wani faifan 316L ko filatinam a fozitif, tazarar kamar santimita 1, ƙarfin wuta tsakanin bolt 10 da 30, na 'yan mintuna. Kitosan cikin asid cajin fozitif gare shi, sai ya nufi ƙarfenka. A can wutar tana fasa ruwa, pH na hawa, da ya haura wajen 6.5 kitosan ya daina narkewa ya kwanta a fuskar. Matsalar ita ce fasa ruwan nan yana fitar da kumfar haidurojin mai huda shafin. Maganinta a rage wuta, ko a maye kaso mai yawa na ruwan da itanol. Wannan hanya ba ta buƙatar matakai na 5 da 6, hasali ma ana yinta ne a kan ƙarfen da aka goge aka wanke. Zaro shi a hankali, ɗanyen shafin laushi gare shi kamar majina.

9. Kashe asid

Wannan matakin ne aka fi mantawa, kuma shi kaɗai ya isa ya ɓata komai. Shafin da ya bushe gishirin kitosan ne da asid, ruwa na taɓa shi zai koma yadda ya fito. Jiƙa shi cikin sodiyam haidiroksaid mai rauni, mola 0.05 zuwa 0.1, na minti 15 zuwa 30, ka yi ta ɗauraya har ruwan ɗaurayar ya nuna pH 7, ka sake busarwa. In ka ga yana kumbura yana yamutsewa a cikin sodar, haɗa ta da itanol.

In kana so ya daɗe a jiki kafin ya narke, a nan ake ƙara ɗaure sarƙoƙin da juna. Jenifin, wanda ake samu daga 'ya'yan itacen gadeniya, ya fi gulutaraldihaid sauƙin guba nesa ba kusa ba, sai dai tsada da jinkiri. Zai mayar da shafin shuɗi, kada ka tsorata, alamar ya kama ke nan. Amma ka sani duk amin ɗin da ka ɗaure ka rage shi daga waɗanda ke yaƙar bakteriya, kuma ɗauri mai yawa na sa shafi tsagewa.

Mai son sa maganin kashe bakteriya irin su jentamaisin ko bankomaisin ya lura: in ka zuba shi tun a damu, wani kaso zai tafi da ruwan ɗaurayar nan. Ko ka auna abin da ya fita, ko ka ɗora maganin bayan an kashe asid. Kuma ka sa ran mafi yawansa zai fita a kwana ɗaya ko biyun farko, sai in ka yi masa wani rufi a sama.

10. Kashe ƙwayoyin cuta

Babu hanyar da ba ta taɓa shafin. Tururin digiri 121 yana sauya masa launi da ƙarfi, kolajin kuwa dafa shi yake yi gaba ɗaya. Hasken radiyeshin na gamma a kilogire 25, adadin da aka saba da shi ƙarƙashin ISO 11137, yana tsinka sarƙar. Iskar etilin oksaid ta fi lallaɓa shi, amma tana maƙalewa, sai an ba shi lokaci ya sha iska. Itanol kashi 70 da hasken UV sun isa ƙaramin gwajin ƙwayoyin halitta, amma kada ka rubuta a rahoto cewa ka kashe komai da su.

Gargaɗi: akwai gubar da ke jikin ɓawon wasu bakteriya, endotoksin, wadda tururi ba ya kawar da ita, kitosan kuma janyo ta yake yi saboda cajinsa. Tana tayar da kumburi a gwajin dabba a zaci shafin ne. In aikinka zai kai can, fara da kitosan mai ƙarancin endotoksin, ruwa mara ita, da gilasan da aka gasa a digiri 250 na minti 30. Iyakar da aka saba bi ga yawancin kayan dashe ita ce EU 20 a kowane abu guda, EU kuwa shi ne ma'aunin yawan endotoksin.

11. Gwaji

Duk gwajin da za ka yi, yi shi a kan faifan da suka riga suka bi mataki na 10, domin su ne kwatankwacin abin da zai shiga jiki. Ajiye kuma faifai tsirara da wasu masu silen kaɗai don kwatantawa.

Fara da mai araha. Tsaga shafin gida-gida da reza, manna salatif ɗin gwaji, fizge, ka ba shi maki daga 0B zuwa 5B bisa ASTM D3359, 5B shi ne wanda ko kaɗan bai kwaye ba. Sannan ka maimaita bayan faifan ya yi sa'a 24 cikin ruwan gishirin fosfet mai pH 7.4 a digiri 37. Makin busasshe ba ya gaya maka komai, cikin jiki babu inda yake a bushe. Wanda ya faɗi a nan kada ka ɓata kuɗi kai shi babbar na'ura. Duba inda ya rabu: in ƙarfe ya fito fes, matsalar tana matakai na 3 zuwa 6, in kuwa ya bar saura a fuskar, cikin shafin ne ya yage, ka duba kauri da ɗauri.

Wanda ya tsallake, a duba shi da FTIR, na'urar da ke gano rukunan sinadarai da haske, za ka ga alamomin amaid da amin wajen lamba 1650 da 1590 a ma'auninta. Madubin ilektron zai nuna kauri da tsagu. Ka dubi gefe da kyau, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka yake shiga ƙarƙashin shafi. Don sanin saurin narkewa, ƙara laisozaim cikin ruwan jiƙon, shi ne sinadarin jiki da ke cin kitosan, ka riƙa auna nauyi mako-mako kana sauya ruwan.

Gwajin guba bisa ISO 10993-5 ake yi, galibi da ƙwayoyin halittar ɓera da ake kira L929, kuma in waɗanda suka rayu sun gaza kashi 70 cikin 100, an faɗi. Bayan shi sai ƙwayoyin ƙashi irin MC3T3-E1, da bakteriyar Staphylococcus aureus da Staphylococcus epidermidis, waɗanda su ne suka fi addabar ƙarafan dashe. Yi duka biyun, domin shafin da ya hana bakteriya zama ya kuma hana ƙashi kamawa bai amfani kowa ba.

Gwajin mannawa da gam a ja da inji, irin na ASTM F1147, yana ba da lamba, sai dai gam ɗin kan ratsa siririn shafi ya kama ƙarfe kai tsaye, ka samu lamba mai daɗi wadda ta gam ce ba ta kitosan ba. Duba fuskokin biyu bayan sun rabu kafin ka yarda da ita.

In sukuru ka shafa, saura gwaji ɗaya da ba kasafai ake yi ba. Samo tubalin kumfar foliyuritan da ake kwaikwayon ƙashi da shi, mai bin ASTM F1839, huda ramin farko daidai yadda likita zai huda, jiƙa sukurun, ɗaura shi har ƙarshe, sannan ka tsaga tubalin biyu maimakon ka kwance shi, don kada kwancewar ta ƙara kankare shi. Auna nauyinsa kafin da bayan, duka a bushe, ka duba tsinin zaren a madubi, ka kuma leƙa bakin ramin ka ga nawa ne ya tsaya a can bai shiga ba.